Ƙofar da Muka Huda Saboda Surukina

Sana'ata gyaran injin niƙa. Da ita na tashi a Dutsin-Ma, ita ta cinye mani baya da kunne ɗaya, shi ya sa in ina gaisuwa mutane ke zaton faɗa nake. Boko kuwa ban gama firamare ba na gudu. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka masanin gini ne ke ba shi labari.

Lokacin da gonakin nesa suka gagari zuwa saboda rashin tsaro, mutanen ƙauye suka fara shigowa gari da tabarmi da tukwane, wasu daga cikinmu muka haɗa ƙungiyar taimako. Mu tara hatsi, mu tara tsofaffin tufafi, mu raba. Akwai wani tsohon ma'aikacin asibiti a cikinmu da ya yi ritaya, Likita muke ce mashi, yana wanke gyambo da awon jini fisabilillahi. Abin da muka rasa wuri. Hatsi a shagon wannan, tufafi a zauren wancan, Likita kuma a gindin darbejiya da akwatinshi, awaki na leƙa mashi aiki.

Shugabanmu wani Alhaji ne mai sayar da hatsi, mutum mai kyauta, mai son kuma a ga kyautar. Yana da tsohon sito da fili a gefen hanyar Kurfi, ya ce ya ba ƙungiya. Ɗiyar ƙanenshi ta karanta zanen gini, ita ya ce ta tsara mana wurin. Injiniya muke kiranta, da farko don tsokana, daga baya sunan ya zauna.

Ranar da ta kawo zanen, ta aza kwamfutarta a kan buhun masara, muka kewaye ta. Muka duba, muka duba. Layuka ne da akwatuna.

Alhaji ya ce, "Ina rufin?"

Ta ce, "Baba, daga sama kuke kallo."

Na ce, "Ɗiyata, mu ba shirwa ba ne. Daga ƙasa muke shiga gida."

Ba ta ji haushi ba. Washegari ta zo da igiya da bokitin toka, ta zana mana gidan gaba ɗaya a kan filin, ɗaki ɗaki. Ka ga manya masu furfura suna yawo tsakanin layukan toka, suna sallama kafin su shiga ɗakin da ba bango. Likita ya tsallake layi, Alhaji ya daka mashi tsawa.

"Haba Likita! Bango ka ƙetare. Koma ka bi ta ƙofa."

Ya kuwa koma ya bi ta ƙofa.

An yi gardama a kan kome. Likita yana son taga babba don haske, Alhaji yana cewa taga babba gayyatar ɓarawo ce. An yi gardama kan inda ɗakin mata zai zauna, an yi kan bayan gida, sai da limamin masallacin da ke bayan filin ya zo ya tsaya ya nuna alƙibla da sandarshi. Ɗakin tufafi sai da aka share tokarshi aka sake zanawa har Injiniya ta ce tokar gidansu ta ƙare, kowa ya kawo tashi.

Abu ɗaya ne ba a yi gardama a kai ba, wato ƙofar shiga. Injiniya ta ce wurin taimako yana son ƙofa ɗaya mai faɗi, da rumfa, da mutum zaune yana tarbar duk wanda ya zo, don kada mai buƙata ya ji kamar ofis ya shigo. Alhaji ya ce madalla, ƙofar ta kalli titi, masu wucewa su ga aiki, mai hali ya ji kunya ya kawo nashi. Ni kuma na lura wurin iska ke bugawa, ga inuwa har la'asar. Na ce ni ma na goyi baya. Ranar kaɗai muka taɓa haɗa baki nan take, har muka yi fatiha a kai.

Aka yi gini. Ba wani abin kallo ba ne, bulo da kwano, amma tsaf. Dama sito, hagu ɗakin Likita, can ciki na mata. A bakin ƙofa rumfa, a cikin rumfar benci dogo. Da aka zo rabon aiki aka ce wa ya san kowa, wa ke da murya. Duk suka juyo suka kalle ni. Haka na zama mai tarbar baƙi.

Ba zan ɓoye ba, na so bencin nan. Shekara da shekaru ina duƙe a ƙarƙashin inji, gari na shiga mani hanci, yau ga ni zaune a inuwa ana gaishe ni. Na kuma tsara aikina yadda ba ɓata lokaci. Da na hango mutum ya nufo, sai in ɗaga murya: "Maraba! Hatsi ko magani?" In ya ce hatsi in nuna dama, in ya ce magani in nuna hagu. Likita ya ce ana jina har tasha.

Benci mai inuwa a bakin titi ba ya zama da mutum ɗaya. Alhaji ya fara zuwa shan iska. Abokanshi suka biyo shi. Mai shayi ya hango taro ya matso da teburinshi. Kafin damina ta fita, rumfarmu ta zama majalisa, ana siyasa, ana farashin taki, ana wa ya saki wa. Baƙin ƙauye da ba su san kowa ba suna shiga abinsu. Sai muka lura mutanen cikin gari ba su cika zuwa ba. Alhaji ya ce alhamdu lillahi, alamar garinmu akwai rufin asiri.

To, ga surukina.

Uban maiɗakina ne, a Kurfi yake. A zamaninshi babban mai hatsi ne, a ƙofar gidanshi ake layin zakka. Shi kanshi Alhajinmu a hannunshi ya koyi awo yana saurayi. Girma ya zo, kasuwa ta juya, gonar ta shiga inda ba a zuwa. Sai ciwon suga ya kama shi, ƙaya ta soke shi a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa. An sa mashi garin magani, an ɗaure da tsumma, abin sai ci yake.

Tun da na auri ɗiyarshi ban taɓa cin abinci a gabanshi ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonshi ba. In na je Kurfi, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, in gaida shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. In aka ce in siffanta fuskarshi sai na yi tunani. Takalmanshi kuwa na san su ɗaya bayan ɗaya.

Da maiɗakina ta faɗa mani halin ƙafar, na roƙi Likita ya hau mashin ya je. Ya je. Kafin ya sauke akwati rabin unguwa ta cika zauren, kowa yana son ganin abin da ya kawo likita gidan. Tsohon ya ja babbar riga ya rufe ƙafar, ya sa aka dama fura, ya ce ai sauƙi ya samu, wa ya wahalar da kai. Likita ya dawo da zabuwa ɗaure a bayan mashin, ƙafa kuwa bai gan ta ba. Warinta kawai ya ji. Ya ja ni gefe ya ce mani, ba wasa a fuskarshi, irin wannan ciwon in ba ana wanke shi a kai a kai ba, ƙarshenshi a yanke ƙafar.

Maiɗakina ta je ta yi ta lallashi har ya yarda zai riƙa zuwa Dutsin-Ma, a ce kasuwa ya zo. Na zauna a benci ina jira. Shiru. Na ce mata tsohon nan naku taurin kai gare shi.

Da safe ne, tana zuba mani koko. Ta ajiye ludayin.

"Malam, yana zuwa fa."

"Yana zuwa ina? Ni ke bakin ƙofa. Ko ƙuda ya shiga sai na gan shi."

"Shi ya sa. Mai mashin ke sauke shi a tsallaken titi, wajen mai rake. Ya tsaya, ya hango ka zaune ka baje kamar hakimi, kana ihun hatsi ko magani. Ya sayi rake, ya hau mashin ya koma."

"Rake? Mai ciwon suga?"

"To me zai saya? Sai ya tsaya haka nan a ce me ya kawo shi? Jikoki ke shanyewa." Ta ɗauki ludayin. "Kai yanzu so kake Baba ya ɗingiso gabanka, kai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, shi kuma ya ce maka magani?"

Kokon bai shiga ba. Na ce shi ke nan, abu mai sauƙi, ta faɗa mashi ranar da zai zo ba ni nan. Na yi zamana a shagon gyara ranar. Da yamma ta ce ya zo, ya koma. Ba ni a bencin, amma ga Alhaji, yaronshi na da, ga uban mijin ƙaramar ɗiyarshi, ga wani da ya taɓa karɓar zakka a hannunshi. Ya sake sayen rake.

A taron kwamiti na tashi na ce ina da magana. Sunanshi dai ba zan kama ba, kuma ba zan ce surukina a gaban mutane ba. Na ce akwai wani bawan Allah, dattijo, daga wani gari da ba nisa, yana da larura a ƙafa, yana jin nauyin shigowa.

Alhaji ya ce, "Allah sarki. Wane gari?"

Likita ya ce, "Garin da ake ba likita zabuwa."

Kowa ya sunkuyar da kai, wasu kafaɗunsu na rawa. Alhaji ya gane, ya gyara hula. Sai ya ce ai wannan ubanmu ne, in ya zo shi da kanshi zai tashi ya tarbe shi, ya riƙe mashi hannu har ciki.

Na ce, "Alhaji, abin da yake gudu ke nan."

Ranar kasuwa sai na hango Injiniya a tsallaken titi, zaune kusa da mai rake, ta ja mayafi. Wuni ta yi. Da la'asar ta tsallako ta tsaya gabana.

"Kawu, ka san mai raken nan ya fi mu ciniki?"

Ta ce ta ga mata sun nufo, sun hango majalisa, sun tuna sai sun tuɓe takalmi sun durƙusa sun gaida mutum goma sha kafin su kai ƙofa, sun wuce kamar gidan suna za su. Ta ga wani tela da kowa ya sani ya zo har bakin kwalbati, na ɗaga mashi hannu, ya ce wucewa yake. Ta ce garin nan duk wanda ka taɓa surukin wani ne, ko ubangidan wani, ko maƙwabcin wani, mu kuma mun kwashe su duka mun jera a bakin ƙofa.

Na ce, "Ke kika zana rumfar."

Ta ce, "Ni na zana. Kai ka sa mata lasifika."

Ta dawo da bokitin tokarta. Bayan ginin akwai wani lungu da ke bi zuwa masallaci, mutane na wucewa ta nan kowane lokacin salla. Ta ce a huda bangon nan, ƙofa ƙarama, ba rumfa, ba allo, ba benci. A ja famfo a kafa a bakinta, a jera butoci. Duk wanda aka gani ya ratse, alwala ya je yi. In ya shiga ciki, shi da Allahnshi da Likita.

Alhaji ya tubure. Gida mai ƙofar baya hatsi ke bi ta nan ya fita. Kuma wa zai ga aikin da muke yi? Liman ya ce shi dai famfo ya ji, kuma ya goyi baya, don butocin masallaci kullum a bushe suke. Aka yi ta ja. Likita ne ya gaji, ya rufe akwatinshi da ƙarfi, ya ce ku yi ta shawara, ita ƙafar ba ta halartar taro. Alhaji ya numfasa. Ya ce a huda, amma da sharaɗi biyu: sito ya samu kwaɗo sabo, benci kuma ba mai taɓa shi.

Aka huda. Maiɗakina ta kai saƙo Kurfi cewa mai mashin ya sauke shi a masallaci, ya bi lungu. Ba ta faɗa mani ranar da zai zo ba, ta ce bakina ba ya riƙe iska.

Famfon nan tun da aka kafa shi yake yoyo. Wanda ya haɗa shi ya yi tafiya, sai aka ce ai ga mai gyaran inji, ƙarfe duk ƙarfe ne. Wata hantsi na ɗauki sifana da tsumman roba na zagaya. Ina tsugune, fuskata na bango, ina fama da wani noti da ya ci zare, sai na ji tafiya a bayana. Taku ɗaya, ja ɗaya, sanda. Na saci kallo ta ƙarƙashin hammata. Ƙafa ɗaya naɗe da tsumma. Ɗayar cikin takalmin fata ruwan ƙasa, wanda ni na saya na aika mashi da babbar salla.

Tafiyar ta tsaya.

Jikina ya so ya yi abin da ya saba, in watsar da sifana, in tuɓe takalmi, in juyo in durƙusa. Na san in na yi haka zai amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi yara, ya ce masallaci za shi, ya wuce. Kuma ba zai ƙara dawowa ba, don ba sauran bangon da za mu huda. Gudu ma ba hanya, lungun mutum ɗaya yake ɗauka, shi kuma ya tare shi. Sai na ja hula ta rufe mani ƙeya, na ƙara dunƙulewa, na ci gaba da murɗa notin da ya riga ya mutu. Ƙeyata kuwa ya san ta sarai, ita yake gani duk lokacin da na gama gaisuwa na juya.

Ruwa na ɗiga. Ni ina murɗawa. Bayana ya fara ciwo.

Can sai ya yi gyaran murya.

"Mai famfo, sannu da aiki."

Ban taɓa jin suna mai daɗin wannan ba. Na nemo wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba.

"Yauwa, sannu Alhaji."

"Ana samun ruwa kuwa?"

"Ana samu."

Na jawo buta na tara, na miƙa ta baya ba tare da na waiwaya ba. Ya karɓa. Na ji ya ɗan zuba a hannu, ya ajiye.

"Wannan ƙofa fa, ina ta nufa?"

"Ciki ne kawai, Alhaji. Akwai inuwa. In mutum ya bi hagu akwai wurin zama."

"To bari in ɗan huta. Allah shi yi albarka."

Taku ɗaya, ja ɗaya, sanda. Na ji muryar Likita daga ciki, ƙasa ƙasa yadda ban taɓa jin ya yi magana ba, sannan aka turo ƙyaure. Ban tashi ba sai da na tabbata. Da na zo miƙewa bayan ya ƙi, sai da liman ya zo wucewa ya ɗago ni.

Ƙafar ta ɗauki lokaci. Likita ya wanke, ya wanke, daga baya ya haɗa shi da babban asibiti, aka cire ƙaramin yatsa ɗaya. Sauran ƙafar tana nan, da ita yake zuwa masallacin Juma'a. Ƙofar baya kuwa ta fi ta gaba aiki yanzu. Alhaji yana zaune a benci yana mamakin yadda hatsi ke ƙarewa alhali ba ya ganin kowa, liman kuma yana yaba yadda mutanen unguwa suka rungumi alwala, har da waɗanda ba ya gani a sahu. Ni ma ina bencin, amma an hana ni tambayar hatsi ko magani. Injiniya ta ce in riƙa cewa sannu kawai, shi ma a hankali.

Da ƙaramar salla na je Kurfi gaisuwa. Na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa, na kalli ƙasa, ya kalli katanga. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Ba wanda ya ambaci lungu. A hanyar dawowa, cikin mota, maiɗakina ta riƙa murmushi ita kaɗai har na ce lafiya.

"Baba ne ya ba ni saƙo. Ya ce in ka san mai famfon wurin nan naku, ka faɗa mashi mutumin kirki ne, yana da ladabi."

Na ce to.

"Ya ce amma a nemo wani ya duba famfon. Har yanzu yoyo yake."